Keke mai giya 21 da yashin Gulbin Maraɗi

Da likita ya gama awo ya ce jinina ya hau, kuma magani kaɗai ba zai riƙe ni ba muddin ina yini a zaune, sai na fara fita tafiyar ƙafa bayan asuba. Sati biyu na yi na gaji. Kullum layi ɗaya, karnuka ɗaya, mai ƙosai ɗaya. Ɗan yayata, wanda ke karatu a Jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo, shi ya kawo zancen keke. Ya ce, "Kawu, ba irin na ƴan kai niƙa ba fa. Mai manyan tayoyi, mai giya, wanda ake hawan dutse da shi." Na ce to, mu a Maraɗi ina muka ga dutsen? Ya yi dariya ya ce in dai saya, dutsen zai nemo ni.

Wurin masu kekuna na hannu muka je, can gefen babbar kasuwa. Kekunan duk sun sha duniya kafin su iso mu, wasu har da ragowar takardar shagon Turai manne a jikinsu. Yaron ya zaɓo wani shuɗi, taya inci 26, faranti uku a gaba, haƙora bakwai a baya, giya 21 ke nan, kayan giyar kuma na Shimano. Mai kaya ya sa jaka 70. Muka yi ta ja, na yi kamar zan tafi har sau biyu, aka tsaya a jaka 45. A hanyar gida yaron ke gaya mini cewa a Kaliforniya ta Amurka aka fara haɗa irin wannan keken cikin shekarun 1970, wasu samari ne da ke gangarowa daga kan dutse a kan tsofaffin kekuna har birkinsu ya riƙa hayaƙi. Ni dai lissafin jaka 45 nake yi, da abin da zan ce wa uwargida.

Ban hau shi ba sai da na kai wa wani dattijo mai gyaran keke a unguwarmu, wanda tun ina yaro nake ganinsa ƙarƙashin dogon yaro ɗaya. Bai ce komai ba da farko. Ya kifar da keken, ya juya tayar baya, ya kasa kunne kamar mai sauraren rediyo. Sannan ya ce, "Malam, ƙarfen lahiya lau. Saura duk ciwo ne." Ya canza wayoyin birki da robobinsu, ya ɗaure wayoyin tayar da suka saki har ta daina rawa, ya kwance kaca ya wanke ta da kananzir cikin tsohon gwangwanin tumatir. Da na ce a zuba mata baƙin mai sosai yadda muke yi da can, ya ce a'a. Ɗigo-ɗigo ake sa wa, a goge da tsumma. Kacar da ta jiƙe da mai yashi take kwasa, yashin kuma ya zame mata wasa, ya cinye haƙoran cikin wata biyu.

Sai ya yi wani abu da ban taɓa gani ba. Ya ɗauko tsohon tiyub, ya tsage shi a tsaye, ya yanke bawul ɗin, ya shimfiɗa shi cikin taya tsakanin tayar da sabon tiyub. Ya ce wannan rigar ƙaya ce. Ba za ta tare ta aduwa ba, amma tsidau sai ya yi da gaske. Daga nan ya ɗaga sirdi sama har na ce ai ƙafata ba za ta taɓa ƙasa ba. Ya ce ba ƙasa za ka tuƙa ba, feda za ka tuƙa. Ya sa na ɗora diddige a kan feda tana can ƙasa, ya ce in ƙafar ta miƙe sak to sirdi ya zauna daidai, in ta lanƙwashe gwiwa ce za ta biya. Na saba da sirdin ƙasa tun ina lakwal, sai na ji kamar an ɗora ni a kan raƙumi.

Abin da ban shirya masa ba shi ne idon mutane. A garin nan magidanci mai moto, mai albashi, in aka gan shi a kan keke to akwai magana. Ranar farko da na shiga makaranta da shi yara, waɗanda ke ce wa malamin makaranta "Mushe", suka bi ni da "Mushe, ina moto? Mushe, an sace ne?" Wannan mai sauƙi ne. Da yamma wani maƙwabcina, mutumin kirki, ya ja ni gefe bayan magariba ya rage murya, ya ce in wani abu ya taso kada in ji kunyarsa, ɗan abin da Allah ya hore ba zai gagara ba. Na rantse masa moto na nan cikin zaure, lafiyarsa ƙalau. Ya ce, "To, to, Allah ya rufa asiri," da irin muryar da ke nuna bai yarda ba ko kaɗan. Uwargida kuwa cewa ta yi in dai zan sa hular kwanon nan mai kama da rabin ƙwarya, in riƙa fita tun da duhu.

Dutsen ya nemo ni a fitata ta uku. Duk ɗan Maraɗi ya san garin a kan tudu yake, ya kuma ji labarin ambaliyar 1945 da ta cinye tsohon gari a kwari, har aka tayar da mutane aka dawo da su sama. Amma sani ne na baki. A kan moto ba ka jin tudun, ɗan murɗa hannu ne kawai. Ranar na gangara yamma wajen gulbi, iska na kaɗa mini riga, ina jin kaina yaro ɗan shekara 15. Ina isa ƙasa tayar gaba ta nutse cikin yashi, na damƙe birkin gaba da ƙarfi, keken ya tsaya cak ni kuwa ban tsaya ba. Na tashi da yashi har cikin kunne, wasu masu ɗibar yashi a amalanke suna ta yi mini sannu suna ɓoye dariya. A dawowa kuma, ina tsakiyar hawa, numfashi ya ƙare, na danna giya ina taka feda da dukan ƙarfina. Kaca ta yi ƙara ta zame ta faɗi. Na turo shi har gida, hannu baƙi ƙirin.

Sati uku na yi ina koyon abu biyu kacal, giya da yashi. Na giya mai sauƙin faɗi ne: tun kana ganin hawa a gabanka za ka sauko zuwa mai laushi, kafin ƙafa ta yi nauyi, kuma lokacin da kake dannawa ka ɗan sassauta taka fedar har kaca ta hau haƙorinta. Ƙaramin faranti na gaba da babban haƙori na baya, ƙafa na juyawa da sauri keke na tafiya kamar hawainiya, abin kunya a ido amma shi ke kai mutum sama. Na yashi kuwa sai jiki ya koya, domin duk abin da hankali ya ce ka yi kuskure ne. Hankali ya ce ka riƙe kan keke gam, alhali sassauta hannu ake yi a bar tayar gaba ta ɗan yi yawonta. Hankali ya ce ka rage gudu, alhali in ka daina taka feda ka nutse. Ana ja da mazaunai baya a sauke wa tayar gaba nauyi, a kafa ido can nesa inda ƙasa ta yi tauri, kada a kalli gindin taya. Sannan a rage iska. Wannan yaron ne ya koya mini: kafin a shiga yashi a danna bawul a saki iska kaɗan, har in ka matsa tayar da babban yatsa ta ɗan shiga. Tayar sai ta baje ta hau kan yashin, kamar tafin raƙumi. In an fito kwalta a mayar da iskar, in ba haka ba ƙarfen ya tsinke tiyub a ramin farko.

Wata Lahadi cikin Janairu muka ɗaura niyyar Madarunfa, kilomita 20 da ɗoriya kudu da gari. Muka ce ba za mu bi kwaltar Ɗan Isa ba sai inda ta zama dole, hanyoyin ƙafa da na amalanke za mu bi ta gefen fadama. Guzurinmu gora biyu-biyu na ruwa, dabino, famfo, sholisho, guntayen faci da dattijon ya yanko mini daga tsohon tiyub, ƴar takardar yashi, da cokula biyu na uwargida da na ɗauka ban faɗa ba.

Sanyin hunturu na asuba a kan keke daban yake. Yatsuna suka ƙage har ban iya danna giya ba sai da tafin hannu. Muka gangara gari na barci, sai masu kai kayan lambu kasuwa da ke haurowa, kekunansu ɗauke da buhunan kabeji da salati har ba ka ganin mai tuƙin. Waɗannan ba su da giya ko ɗaya, wasu ma birkinsu silifa ne a kan taya, amma suna haye tudun da ya kayar mini da kaca suna gaisawa da juna. Na daina jin kaina wani gwani tun daga nan.

Gulbi a wannan lokaci babu ruwa, farin yashi ne shimfiɗe, faɗinsa ya isa a yi ƙwallo. Ruwansa daga ƙasar Katsina yake tasowa, ya ratso Jibiya inda aka yi masa madatsa, ya shigo Nijar ya wuce ta Madarunfa da Maraɗi da Tibiri da Gidan Rumji, sannan ya sake komawa Najeriya ya haɗu da ruwan Rima. Da damina yakan cika ya yi ja, ya ci gaɓa, wani lokaci ya ci gonaki. Da rani kuwa yana nan ƙarƙashin ƙasa, shi ya sa ko'ina ka duba a fadamar rijiya ce da injin ban ruwa na tari. Mun bi ta tsakanin lambuna, hanya siririya mai taurin laka, mangwaro ya fara fure, ƙamshin albasa da danyar ƙasa na tashi. Nan ne kaɗai a duk tafiyar na sa babban faranti na ji keken na gudu da kansa.

Wajen Jiratawa muka faɗa cikin filin noman rani, hekta sama da 500 da aka tsara da magudanan siminti. Mata sun riga sun fito tsinkar zogale, ana cusa shi cikin buhuna. Muka bi gaɓar wani magudani, faɗin hanyar bai fi taku biyu ba, ruwa a dama, tumatirin mutane a hagu. Yaron ya wuce kamar a kan kwalta. Ni na sauke ƙafa sau huɗu. Wata tsohuwa ta ɗago ta dube mu da hulunanmu ta ce, "Ƴan samari, aikin gwamnati ne?" Na ce a'a Inna, motsa jiki ne. Ta ce, "Ga fartanya nan in jikin ne ke son motsi." Har muka yi nisa ina jin sauran matan na shewa.

Daga nan muka hau jigawa, kuma nan aikin yake. Gonakin gero an girbe, sai kututturen kara da gawo tsaye kore shar, shi da ke zubar da ganye da damina ya yi sabo da rani, jajayen awaki na tsintar ƴaƴansa a ƙasa. Ƙasar ba shimfiɗe take ba yadda ake ganinta daga tagar mota. Hawa ne da sauka, kuma ruwan damina da ke gangarawa gulbi ya tsattsaga ta da kwazazzabai, wani ya kai zurfin mutum. Sai ka zo bakinsa ka tsaya ka nemi inda shanu ke sauka, ka koma bayan sirdi har cikinka ya kusa taɓa shi, ka riƙa latsa birki biyun a hankali, ka sake su kafin ka taɓa yashin ƙasa domin gudun ya fitar da kai ɗaya gefen. Na farko na sauka na tura. Na biyu ma haka. A na uku na ce ko a mutu ko a yi rai, na bi sawun yaron, na tsinci kaina a sama ɗaya gefen ƙafata ba ta taɓa ƙasa ba. Na yi wata kururuwa da ban san ina da ita ba, har wani ɗan Fulani mai kiwo ya juyo.

Murnar ba ta yi minti goma ba na ji bayan keken na lilo. Taya ta kwanta. Muka ja zuwa inuwar wata aduwa, wadda ga dukkan alamu ita ce mai laifin.

Faci a daji ba kamar a gindin dogon yaro ba ne, inda akwai kwanon ruwa da benci. Na kifar da keken, na zura ƙotar cokali ƙarƙashin leɓen tayar na ɓanɓaro, na sa na biyu ɗan nesa da shi na zagaya har gefe ɗaya ya fito. Na jawo tiyub na ba shi iska. Ba mu da ruwan ɓatarwa, don haka na riƙa zagaya shi kusa da leɓena, domin leɓe ya fi yatsa jin iska. Na ji ɗan sanyi siriri kamar zare. Na shafa yawu a wurin, ya yi kumfa. Na goge, na kankare da takardar yashi har robar ta yi fari-fari, na shafa sholisho a kan tiyub da kan facin. Sai na ɗauka zan manna nan take.

"Dakata, ɗana."

Wani dattijo ne da gatari a kafaɗa, ban san lokacin da ya tsaya a kanmu ba. Ya ce in bar shi ya sha iska tukuna, sai ya daina ƙyalli, in na taɓa da bayan farce bai biyo ni ba. Mai gyara ya gaya mini haka, gaggawa ta mantar da ni. Muka tsuguna mu uku muna kallon sholisho na bushewa, muka gaisa, ya tambayi daga ina, ɗan wane ne a Maraɗi. Da na manna, ya karɓa ya ɗora a kan ƙotar gatarinsa ya daddanna da gindin cokali daga tsakiya zuwa baki. Ina shirin mayarwa ya sake tsayar da ni: "Ka fidda ɓarawon?" Ya zura yatsunsa cikin tayar yana shafawa a hankali, ya tsaya, ya tura daga ciki. Ƙayar aduwa ta fito, tsawonta ya kusa gaɓar yatsa, ta huda tayar ta huda rigar ƙayar. Da na mayar da tiyub a kanta, da ko taku ɗari ba mu yi ba. Na miƙa masa dala 40 na goro, ya ƙi, ya karɓi dabino uku. Kafin ya tafi ya ce mu yi abin da ya kawo mu mu juya da rana tsaka, kada mu zarce kudu wajen bakin iyaka, kada kuma la'asar ta same mu a daji. Ba sai ya yi bayani ba, kowa a yankin nan ya san halin da ƙauyukan can ke ciki da ɓarayin shanu da masu satar mutane.

Wajen ƙarfe 11 muka hangi tafkin Madarunfa. Bayan awa huɗu na yashi da ƙaya, ganin ruwa shimfiɗe har ido ya gaji wani abu ne. Masunta na dawowa da kwale-kwale, fararen balbelu a bakin ruwa, ga kukoki manya. Na sha zuwa Madarunfa a mota, na san zancen kaburburan waliyyai 99 da ake cewa suna kewaye da tafkin, waɗanda mutane ke zuwa ziyara, amma ban taɓa isowa da yunwa irin ta ranar ba. Muka sami mai suyar kifi, karfasa biyu-biyu da yaji, na cinye har kai. Yara suka kewaye kekunan suna ƙirga haƙoran baya, wani ya ce wa ɗan'uwansa wannan ko moto ba ya kama shi. Ban gyara masa ba.

Dawowar ba ni da abin faɗi mai daɗi a kanta. Da safe iska a bayanmu take ban sani ba, na ɗauka ƙarfina ne. Iskar hunturu daga arewa maso gabas take busowa, mu kuwa arewa muka nufa, ga ta ta tashi sosai da ƙura. Muka haƙura da hanyar daji muka ba tayoyi iska muka hau kwalta, manyan motoci na wuce mu suna watsa mana tsakuwa. Yaron ya shiga gabana ya ce in manne da tayarsa ta baya, zai tare mini iskar, kuma da gaske abin ya rage nauyi. Ruwa ya ƙare wajen Jiratawa, muka sayi na leda da rake. Cinyata ta dama ta ɗaure sau biyu, na sauka na yi ta ɗingishi a gefen hanya ina salati. Mazaunai kuwa ba a magana.

A hawan ƙarshe na shiga gari na sauko da giya tun daga nesa, har ta ƙarshe, wadda babu wata bayanta. Wani yaro da ke tura baro ya wuce ni. Amma ban sauka ba. Muna shiga layinmu ana kiran la'asar, maƙwabcin nan nawa na alwala a ƙofar gida. Ya dube ni fari fat da ƙura, ya ce daga ina haka? Na ce Madarunfa. Ya ajiye buta ya ce, "A kan wannan? Ai da ka yi magana, da na ba ka kuɗin mota."

Washegari da ƙyar na yi ruku'u. Na leƙa zaure na tarar tayoyin biyu duk sun kwanta, uwargida kuma na tsaye da cokulanta a hannu, ƙotocinsu sun lanƙwashe, tana jiran bayani. Na tura keken wurin dattijon nan mai gyara. Ya kifar da shi, ya ɗauko allura, ya riƙa tsinto ƙayar tsidau daga cikin robar yana jerawa a kan gwiwarsa, ɗaya bayan ɗaya, har tara. Biyu ne suka kai ga tiyub. Ya duba facin da na yi a daji, ya murza shi da babban yatsa, ya ja gefensa da farce bai ɗago ba.

"Wa ya yi maka wannan?"

Na ce ni ne, da taimakon wani bawan Allah.

Ya ce, "To, kawo dala 60. Kuma ka sayi ƙarfen cire taya, ka bar wa matarka cokulanta."